LAKAR DA KE RIƘE DA RIJIYAR MAI

Duk wanda ya daɗe a Warri ko Fatakwal ko Eket ya saba ganin manyan motoci shaƙe da buhuna suna nufar bakin ruwa, inda ake loda wa jiragen da ke kai kaya wuraren haƙar mai. Da yawa daga cikin direbobin motocin nan, da masu dakon buhunan, da masu gadin rumbunan da ake ajiye su, 'yan Arewa ne da neman abinci ya kawo su Kurmi. Idan aka tambayi ɗayansu abin da ke cikin buhu, sau da yawa sai ya ce siminti ne. To, akwai siminti kam, amma wani babban kashi na kayan yumɓu ne, da garin wani dutse mai nauyi, da sitaci irin wanda wanki-da-guga ke sa wa riga. Da su ake dama laka, kuma ba a haƙa rijiyar mai sai da wannan laka.

Abin da ya fi damun mahaƙa game da ita shi ne kada ta gudu. Rijiyar mai rami ne siriri wanda zurfinsa kan kai mil biyu ko uku, kuma ƙasar da ya ratsa tana da ƙishirwa. Idan aka yi sakaci ta shanye ruwan lakar, ko ta haɗiye lakar ɗungum, to dukiya da rayukan waɗanda ke kan injin sun shiga hatsari.

AIKIN LAKA

Ana haƙar mai da wani bakin ƙarfe mai haƙora da ake ɗaura wa a ƙarshen dogon bututu. Inji na juya bututun daga sama, haƙoran na cin dutse a ƙasa. Manyan famfuna su tura laka ta cikin bututun har ƙasa, ta fito ta ƙofofin da ke jikin bakin ƙarfen, sa'an nan ta hauro ta ratar da ke tsakanin bututu da bangon rami. Da ta iso sama sai ta bi ta kan wata rariya mai girgiza wadda ke tsame tsakuwar da ta kwaso, ita kuma ta koma tanki a sake tura ta. Haka take zagawa dare da rana.

A cikin wannan zagaye tana aiki huɗu. Tana share ramin, tana sanyaya haƙoran ƙarfe, tana tallafe bango kada ya rufta, kana nauyinta na danne mai da iskar gas da ruwan gishiri da ke matse cikin duwatsu don kada su taso kafin a shirya musu. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake haƙa rijiyar burtsatse a Kano ko Gusau, ya ga ɗan ramin da ake tona wa gefen mota ana dama taɓo a ciki, to ya ga ƙanen wannan aiki.

Dabarar ta samo asali ne daga Amurka. A ƙarshen 1900 wasu 'yan'uwa da ake kira Hamil suna haƙa wa wani injiniya mai suna Lukas rijiya a Sifindiltof, cikin Jihar Tekzas, sai suka tarar da rairayi mai zubewa. Ruwan da suke turawa ba ya riƙe bango, ramin sai cikewa yake. Ana ba da labarin cewa garken shanu suka kora cikin kududdufin da suke ɗibar ruwa, shanun suka tattake shi ya zama taɓo, suka tura taɓon cikin rami, bango ya tsaya. Ran 10 ga Janairu 1901 rijiyar ta yi ambaliya, ta kwana tara tana feshin mai kafin a shawo kanta. Cikin shekarun 1920 aka soma ƙara wa laka garin barait don nauyi da yumɓun bentonait don kauri, a ƙarshen shekarun 1930 kuma sitaci ya shigo.

GUDU IRI BIYU

Da yake dole nauyin laka ya ɗan fi ƙarfin abin da ke cikin dutse, kullum lakar tana tura kanta ne cikin bango. Daga nan matsalar ta taso, kuma iri biyu ce.

Ta farko ita ce tsiyaya. Dutsen rairayi cike yake da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kamar jikin sabuwar randa. Ruwan da ke cikin laka kan kutsa ta ƙofofin nan ya shige, ya bar daskararrun a jikin bango. Ta biyu ita ce ɓatan laka gaba ɗaya, watau inda haƙa ta faɗa kan tsaga ko kogo ko tsakuwa mai manyan ƙofofi, ko kuwa nauyin lakar ya yi yawa har ya tsaga dutsen da kansa. A nan ruwa da yumɓu da komai ke tafiya, wani lokaci ma a yi ta turawa ba abin da ke dawowa sama.

Maganin tsiyaya yana cikin tsiyayar kanta. Matar da ke tace gasara ta san cewa da farko ruwa na zuba da sauri, amma da dusa ta taru a jikin ƙyallen sai ya koma ɗiga. Haka abin yake a rijiya: daskararrun da ruwa ya bari su ne ke zama yaɓe a bango, yaɓen kuma shi ke tare sauran ruwan. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun daɗe da sanin wannan hikima, don ba sa zuba baba a karofi sai sun shafe cikinsa da laso. Bambancin kawai shi ne magini ba ya iya shiga rijiyar mai, saboda haka lakar ce za ta yi wa kanta yaɓe.

Gwaninta duka tana ga irin yaɓen da za a samu. Ana son ya zama siriri, mai santsi, mai yauƙi, wanda ruwa ba ya ratsawa. Idan lakar ba ta haɗu ba, ruwa ya yi ta wucewa, yaɓen kuma ya yi ta kauri yana da taushi kamar tuwon da bai nuna ba, har ramin ya ƙuntace.

ƁARNAR TSIYAYA

Ɓarna ta farko ita ce maƙalewar bututu. Idan aka tsayar da juyawa na ɗan lokaci, bututun ya jingina da bango ya nutse cikin yaɓe mai kauri, sai nauyin laka ya manne shi kamar yadda ƙahon wanzami ke kama baya. Injin da ke iya ɗaga ɗaruruwan tan sai ya ja ya kasa. Akan kwana da kwanaki ana fama, wani lokaci sai an yanke bututun an bar guntunsa a ƙasa, a toshe da siminti, a karkata a sake haƙa ta gefe. Hayar injin kuwa ba ta tsayawa ko da aiki ya tsaya.

Ta biyu, akwai wani irin dutse da asalinsa yumɓu ne. Da ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi ta ɓantarewa yana zubowa cikin rami. Ta uku kuma ita ce mafi ban takaici: idan ruwa da ƙananan daskararru suka shige cikin ainihin dutsen da ke ɗauke da mai, sai su toshe hanyoyin da man zai bi ya fito. A kashe miliyoyi a kai ga mai, amma rijiyar ta riƙa ba da kaɗan daga abin da ya kamata. Har ila yau ruwan da ya shiga kan tura man baya, ya ruɗa na'urorin da ake saukarwa don gane ko akwai mai a wurin.

GWAJIN MINTI TALATIN

Saboda haka kowane injin haƙa yana da ma'aikaci na musamman da ake kira injiniyan laka, da ɗan ɗakinsa na gwaji kusa da tankuna. Sau da yawa a yini yakan ɗebi laka ya auna nauyinta da kaurinta, sa'an nan ya gwada tsiyayarta. Yana da wani ƙoƙon ƙarfe mai murfi, a gindinsa an shimfiɗa takardar tacewa. Ya cika shi da laka, ya matsa ta da iska mai ƙarfin laba 100 a kan kowane inci murabba'i, watau kamar ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota, ya sa kwalbar awo a ƙasa, ya duba agogo. Bayan minti 30 ya karanta yawan ruwan da ya ɗiga.

Ƙa'idar da hukumar man fetur ta Amurka ta shimfiɗa, wadda kamfanonin da ke aiki a Nijeriya ke bi, ita ce yumɓun bentonait na haƙa kada ya zubar da fiye da mililita 15 a wannan gwaji, watau cokalin shayi uku. Idan an kusa dutsen mai kuwa, akan ƙara magunguna a sauko da shi ƙasa da haka sosai. Daga nan sai injiniyan ya buɗe ƙoƙon ya zaro takardar, ya wanke ta a hankali, ya duba yaɓen da ya kwanta. Ya auna kaurinsa, ya murza shi da yatsa, ya lanƙwasa takardar ya ga ko zai tsage. Yaɓe mai kyau bai wuce kaurin kwabo ba. Don rijiyoyi masu zurfi da zafi akwai wani gwajin da ake dafa lakar tukuna a kuma matsa ta da ƙarfin laba 500, domin maganin da ke aiki a sama yana iya mutuwa a ƙasa.

ƘASAR NEJA DELTA

Tun daga rijiyar Oloibiri, inda kamfanin Shell-BP ya sami mai a 1956 bayan ya haƙa wajen ƙafa 12,000, mahaƙa suka gane cewa ƙasar wannan yanki hawa uku ce. Na sama, wanda masana suka ba sunan Binin, rairayi ne da tsakuwa marasa ƙwari, kuma a cikinsa ruwan shan jama'a yake. Nan laka ke saurin zurarewa, shi ya sa ake hanzarta wuce shi a zura bututun ƙarfe a liƙe bayansa da siminti. Na tsakiya, Agbada, rairayi ne da dutsen yumɓu a jere, wani kan wani, kuma nan ne mai da gas suke. Na ƙasa, Akata, yumɓu ne mai matsanancin matsi.

Wahalar Agbada ita ce laka ɗaya za ta yi wa maƙwabta biyu masu hali daban hidima. Rairayin yana shan ruwa, yumɓun yana kumbura. Bugu da ƙari, a tsofaffin filaye inda aka shekara hamsin ana ɗibar mai, wasu sassan rairayin sun saki, ƙarfinsu ya ragu, alhali na kusa da su yana nan da ƙarfinsa. Nauyin da zai danne wannan shi ne zai tsaga wancan. Wannan na cikin dalilan da suka sa a wurare masu wuya ake dama laka da wani irin mai maimakon ruwa, ko da yake ta fi tsada kuma doka ta hana a zubar da ita yadda aka ga dama.

IDAN ƘASA TA BUƊE BAKI

Ga misali don a ga girman hatsarin ɓatan laka. A ce rijiya ta kai ƙafa 10,000, an cika ta da laka mai nauyin laba 10 a kowane galan. Nauyin da ke danne gindinta zai kai laba 5,200 a kan inci murabba'i. A ce kuma gas ɗin da ke wurin yana turowa da ƙarfin laba 4,950. Rarar da ke tsakanin ma'aikata da gas ɗin nan laba 250 ce kacal. To, idan tsaga ta buɗe lakar ta sauka da ƙafa 500 daga bakin rijiya, an yi asarar laba 260, rara ta ƙare ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gas zai shigo rami, kuma yana hawa yana kumbura, yana turo sauran lakar waje, yana ƙara wa kansa hanya.

Da an ga laka na raguwa a tanki, abu na farko shi ne a riƙa cika ramin ta sama ko da ruwa ne, a rage ƙarfin famfo. Sa'an nan a dama laka ta musamman da abubuwan toshiya a tura ta daidai inda tsagar take. Abubuwan nan ba wasu baƙi ba ne: niƙaƙƙen ɓawon wani ɗan itace mai tauri da ake kira walnat, da ɓawon angurya, da garin katako, da garin farar ƙasa, da maika, wani dutse mai ɓarewa falle-falle. Ana haɗa manya da ƙanana, manyan su tokare a bakin tsaga, ƙananan su cike tsakaninsu, kamar yadda magini ke jera tubali ya bi da ƙasa. Idan duk wannan ya faskara sai siminti. Idan kuwa gas ya riga ya shigo, akwai babban makullin ƙarfe a bakin rijiya wanda ake datsewa, a zagaya da laka mai nauyi har a kore shi.

Ranar da duk waɗannan suka kasa, mutanen bakin teku sun san abin da ke biyo baya. Ran 17 ga Janairu 1980 rijiyar Funiwa ta 5 ta kamfanin Texaco ta ɓalle a teku daura da Sangana, a yankin da yanzu ke Jihar Bayelsa. Ta kusa mako biyu tana aman mai kafin ta kama wuta, hukuma ta ƙiyasta wajen ganga 400,000 ne suka malale, masunta suka rasa sana'a da ruwan sha. Ran 16 ga Janairu 2012 injin K.S. Endeavor da ke haƙa wa Chevron rijiyar gas a wannan yankin ya kama wuta, ma'aikata biyu suka rasu, wutar ta yi kwana 46 tana ci a kan ruwa. A Amurka kuma, rijiyar Makondo ta kamfanin BP ta shanye dubban gangunan laka a farkon Afrilu 2010, har aka tsayar da haƙa a ƙafa 18,360 ba a kai inda aka nufa ba. Tsoron kada dutsen ya sake tsagewa ya shafi yadda aka tsara simintin ƙarshe, simintin bai riƙe ba, ran 20 ga wata gas ya taso ya hallaka mutum 11, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Kowace da nata sanadin, amma duk ƙarshensu guda: abin da ke ƙasa ya rinjayi abin da aka sa ya danne shi.

KAYAN HAƊI DA RABON AREWA

Bentonait yumɓu ne da ya samu daga tokar dutse mai aman wuta. Mafi shahara shi ne na Jihar Wayomin ta Amurka, wanda kan kumbura ya ninka kansa fiye da sau goma idan ya sha ruwa. Ƙwayoyinsa shimfiɗaɗɗu ne, suna kwanciya kan juna kamar ɓawon kifi, shi ya sa yaɓensa ke hana ruwa wucewa. Sitaci kuma, na masara ko dankali ko rogo, kumbura yake ya cike 'yan ƙofofin da suka rage. Aibinsa biyu: yana tsami kamar kunun da ya kwana idan ba a sa masa maganin ƙwayoyin cuta ba, kuma zafin rijiya mai zurfi na kashe shi. A irin wannan wuri sai a koma ga wasu magunguna da ake sarrafawa daga zaren auduga da ɓargon itace. Barait kuwa dutse ne da ya fi ruwa nauyi sau huɗu da ɗoriya, wanda ya taɓa ɗaukar buhunsa ba ya mantawa.

Abin lura shi ne yawancin kayan nan suna kwance a ƙasar nan. Akwai barait a Azara ta Jihar Nasarawa, da sassan Binuwai da Taraba da Kuros Riba. Akwai yumɓu dangin bentonait a ƙasar firgi ta Borno, wajen Dikwa da Ngala da Marte. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, kuma jami'o'in ƙasar nan sun sha gwada sitacinsa da kwalfar kwakwa da ɓawon gyaɗa a aikin laka. Duk da haka an daɗe ana shigo da kaya daga waje, domin na gida ba ya cika cin jarrabawa. Yumɓun Borno ba ya kumbura sosai sai an gyara shi da wata soda, 'yar'uwar sinadarin da ke cikin kanwa. Barait ɗin da ake fasawa da diga da guduma kuma yakan zo gauraye da rairayi, nauyinsa ya kasa kai ƙa'ida. Dokar da aka kafa a 2010 don fifita kayan gida a harkar mai, wadda hukumarta ke Yenagoa, ta buɗe kasuwa, amma ba ta iya sa injiniya ya zuba abin da zai maƙale masa bututu. Wanda ya wanke dutsensa, ya niƙa shi yadda ake so, ya kai shi awo, shi zai sayar. Kuma tun da aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019, maganar laka ta daina zama ta mutanen Kurmi su kaɗai.

GA MAI AIKI A WURIN

Lebura da ke tsaye bakin rariya ko kan tanki sau da yawa shi ne ke fara ganin canji, tun kafin na'ura ta yi ƙara. Alamun da tsofaffin ma'aikata ke koya wa sababbi ba su da yawa. Idan laka ta ragu a tanki ba wanda ya ɗiba, ƙasa na sha. Idan ta ƙaru ba wanda ya zuba, wani abu na shigowa daga ƙasa, wannan ya fi muni. Idan an kashe famfo amma laka na ci gaba da fitowa, ko ta zo da kumfa da wari, ba lokacin jiran shugaba ya gama shan shayi ba ne. A dokar aikin haƙa, ƙaramin ma'aikaci yana da ikon ya ɗaga murya a tsayar da aiki, kuma gara a tsaya a banza sau goma da a yi shiru sau ɗaya.

Masu dako da masu dama su ma su kula da jikinsu. Ƙurar bentonait da barait tana ɗauke da garin rairayi mai lahani ga huhu idan an daɗe ana shaƙa, don haka abin rufe hanci ba ado ba ne. Cikin kayan akwai sodar da ake yin sabulu da ita, wadda ke cin fata ta makantar da ido, kuma ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba mata ruwa. Buhun da ya jiƙe a mota ko a rumbu kuwa, musamman na sitaci da bentonait, ya dunƙule ya lalace, saboda haka tamfol ɗin da direba ke ja da damina yana cikin aikin tsare rijiya.

Allah ya kiyaye masu nema a tudu da ruwa, ya mai da kowa gida lafiya.